Azurfar da Eilif Yake Ajiye Mini

Ulvik, 10 ga Mayu

Yaya Tordis,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar, ta bar ki kina barci? Ki gaishe mini da maigidanki Magne, ki ce masa ya rage taba.

Na fito da bunad ɗina, rigar gargajiyar ƙasarmu, daga akwati. Rigar ta matse ni, kin san ita ba ta ƙarya, sai da na saki ɗinkin. Na goge maɓallin azurfar ƙirji, wanda Eilif ya ba ni ranar bikin ƙasa kafin aurenmu.

Tun Ista mijina bai gane ni ba. In na je gidan kula da tsofaffin da yake zaune sai ya yi mini gaisuwar baƙuwa, har da ba ni kujera. Amma ran sha bakwai, ranar bikin ƙasa, faretin 'yan makaranta zai tsaya ƙarƙashin barandarsu, kuma a cikin rigar nan ya fara ganina. Yaya, so nake ya kira sunana ko sau ɗaya. Kada ki ce na cika sa rai, na sani.

Taki,
Ragnhild

Ulvik, 18 ga Mayu

Yaya Tordis,

Ina fata kuna lafiya, kuma ruwan sama bai ɓata muku biki ba. Mu nan rana muka samu.

An sa wa Eilif kwat, an ba shi 'yar tuta. Da 'yan badujala suka shawo kwana sai ga Eilif tsaye ƙyam, mutumin da sai an ɗaga shi. Ya rera taken ƙasa bai ci baiti ko ɗaya ba. Jikar maƙwabta ta miƙa masa askirim, ya ɗiga a kwat, yana ta dariya.

Sannan ya juyo, idonsa ya sauka a ƙirjina. Fuskarsa ta canza, ni kuwa na ce a raina yau dai an dace. Sai ya kama hannuna a hankali, wai don kada ya kunyata ni cikin mutane, ya ce azurfar nan ta Ragnhild ce, shi ya saya mata, in yi haƙuri in mayar, ba zai gaya wa kowa ba.

Sunana ya kira, Yaya, abin da na roƙa ke nan. Na cire na ba shi. Ya naɗe a hankici ya sa a aljihu, ya ce zai ajiye mata har ta zo.

Na dawo gida riƙe da wuyan riga da hannu, na yi kuka ya ishe ni. Gobe zan koma, wataƙila ya tambaye ni ko na gan ta.

Ƙanwarki,
Ragnhild