Layi Uku, Babu Sunana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Lissafi na jami'armu, a nan Tawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da dukan malamanmu. Ina gajiya, yaya fama da ɗalibai? Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ranka shi daɗe, sunana Ilya Mamman, ɗalibinka, aji uku na lisansi, wato digirin farko. Ɗan Barmu ne ni, ɗan manomi jikan manomi. Mai yiwuwa ba ka riƙe fuskata ba, domin ni mai zaman bencin baya ne, ba ni da baki a taro. Na san ba tarbiyya ba ce ƙarami ya rubuta wa babba wasiƙa ya liƙa ta inda kowa zai karanta. Da tsohona zai ji, cewa zai yi na zubar masa da mutunci. Amma sau huɗu ina zuwa ƙofar biro ɗinka, wato ofishinka, ban same ka ba, kuma ranar Alhamis ɗin nan za a rufe karɓar dosiye, wato takardun neman gurbi. Tura ta kai bango, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga abin da ke gabana. An ba sashenmu gurabe kaɗan a horon da za a yi wa ɗaliban lissafi na ajin ƙarshe a babban birni, horon da ke buɗe ƙofar masta. Takardu biyu ake nema: takardar maki, da takardar shaidar cewa ɗalibi ya yi wa 'yan uwansa ɗalibai wata hidima a jami'a. Ta farko tana hannuna, kuma ba na jin kunyar nuna ta ga kowa. Ta biyu ce babu. In ban same ta ba kafin Alhamis, ranar Asabar motar 'yan biɗa, masu tafiya ci-rani, za ta tashi daga tashar Tawa zuwa Abijan, kuma ina ciki. Kai ma ka san halin ƙasarmu ta Adar. In aka gama kaka, rumbu ya rufe, namiji ba ya zaman gida. Wana yana can shekara da shekaru, ya riga ya share mini wuri a rumfarsa. Tsohona ya yi mini haƙurin shekara uku, sa'o'ina suna tafiya suna dawowa da kaya, ni ina dawowa da littattafai. Bana ya yanke magana: ko dai in kawo masa hujjar cewa karatun nan yana da gaba, ko in bi sawun 'yan uwana. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ƙarfinsa ya fara ƙarewa a gona ba a ce masa ya ƙara jira da baki kawai.

Ga kokena ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya. Sanarwar horon ta fito ne a tsakiyar hutun damana. An liƙa ta a allon sashe, an kuma tura ta a rukunin waya na ɗalibai. To, ranka shi daɗe, wane ɗan ƙauye ne yake Tawa a lokacin? Ni ina gona da hauya tun daga noman fari har maimai. A gonarmu babu rezo, waya ba ta kamawa, sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, shi ma sai an yi sa'a. 'Yan birni sun gani tun ranar farko, sun haɗa takardunsu a tsanake. Ni sai da na dawo, saura kwana goma sha biyu, na tarar da takardar a allo rana ta cinye rabin rubutunta. Ba na cewa an yi da gangan. Cewa nake wanda ya zaɓi lokacin bai tuna cewa wasunmu sai sun noma abin da za su ci kafin su zo su zauna a aji ba.

Na biyu, kuma nan ne zuciyar maganar. Hidimar da ake tambaya, wallahi na yi ta. Duk wanda ya bi ta bayan ɗakin karatu da la'asar, Laraba da Asabar, ya ga taron ɗalibai a rumfar kara suna kallon wani tsohon ƙyauren ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti. Ni na tsinci ƙyauren nan a juji, ni na shafa masa fentin. Na fara abin ne tun ina aji biyu, saboda ban manta wuyar da na sha a aji ɗaya ba. Mun zo daga makarantun ƙauye da faransancin da bai wuce na gaisuwa da jarrabawa ba, malam yana gudu da darasin analiz, mu muna bin sa a baya kamar jaki da mota. Ba lissafin ne ke ba mu wuya ba, harshen ne. Sai na ce bari in riƙa maimaita wa sababbi darasin da Hausa.

Da farko dariya aka riƙa yi mana, ana cewa fada ce ta hirar samari muka buɗe, saura shayi. Wani ma ya tambaye ni ko da Hausa za mu rubuta jarrabawa. Ban kula ba. Da mai zuwa rijiya na koya musu limit: mutum ne kullum yake cin rabin tafiyar da ta rage masa, yana ta kusantar bakin rijiya, har ratar ta fi duk abin da za ka iya aunawa ƙanƙanta. Ranar da na yi wannan misali, Agali, wani ɗalibi daga arewa wanda Hausarsa ma tsinta-tsinta ce, ya miƙe ya karɓi allin daga hannuna ya ƙarasa aikin da kansa. Da ya zo, ya riga ya ɗaure jakarsa zai koma wurin raƙuman gidansu. Yau yana aji biyu. Akwai kuma Rahila, ɗiyar wani malamin makaranta Kirista da aiki ya kawo su Tawa daga kudu. Ta faɗi aljabra a zangon farko, ta zo rumfa tana kuka, yanzu ita ke tsayawa gaban ƙyauren duk ranar da na tafi gida. Ba yabon kaina nake ba, Allah shi ne shaida. An ce in kawo hujja ne, kuma hujjata mutane ce.

Na uku. Ga inda na cuci kaina, kuma ba zan ɓoye ba. Da taron ya yi yawa, sakataren sashe ya ce sai mun yi rajista a matsayin ƙungiya kafin a riƙa ba mu alli. Ya miƙo mini takarda mai layi uku: shugaba, mataimaki, magatakarda. Ni ke riƙe da alƙalami. A layin farko na rubuta Yaya Sallau, mutumin Takanamat, wanda ke gaba da ni da aji ɗaya. Shi ya karɓe ni ranar da na sauka Tawa ban san kowa ba, ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakinsa, muka ci kwano ɗaya shekara guda. Ta yaya zan rubuta kaina shugaba shi yana raye, yana zaune a gefena? A layi na biyu da na uku na sa wasu yayyenmu biyu da suke leƙo mu jefi-jefi. Layi ya ƙare. A garinmu mai rabon nama shi ke ɗaukar kashin ƙarshe, in ma nama bai kai ba ya lashe hannu ya yi shiru. Haka aka rene ni, haka na yi. Yaya Sallau da kansa ya ce in sa sunana, na ce haba, ai duk ɗaya ne. Ashe ba ɗaya ba ne.

Yau takardar nan tana cikin durowar sakatare, kuma ita kaɗai jami'a ta sani. A idonta, mutum uku ne suka yi aikin shekara biyu, ni kuwa ko wucewa ban taɓa yi ta wurin ba. Su ukun duk sun gama sun watse. Yaya Sallau ya tafi biɗa ta hanyar arewa tun bara, lambarsa ba ta shiga, iyayensa ma sai a bakin matafiya suke jin labarinsa. Da yana nan, na rantse da ƙafa zai tako ya sa mini hannu. Kada wani ya karanta wannan ya zage shi, bai ci hakkina ba. Kara ce ta kai ni ta baro.

Na huɗu. Sakatare ya gaya mini mutum biyu ne kawai za su iya ba ni shaidar: shugaban ƙungiya da ke rubuce, ko kuma kai. Na zo ranar Litinin ta makon jiya, aka ce kana taro. Na dawo Laraba, aka ce ka yi tafiya. Ranar Juma'a na zauna a bencin ƙofarka tun hantsi har aka kira salla. Jiya Litinin na sake zuwa, wannan karon da ɗalibai goma sha ɗaya a bayana, kowa ya sa hannu a farar takarda cewa ni na koyar da shi. Sakatare ya karanta har ƙarshe, na ga idonsa ya yi laushi, amma ya ce shaidar baki ba hatimi ba ce, shi kuma ba shi da ikon bugawa. Ban yi masa rashin kunya ba, aikinsa yake tsaro. Sai dai da na fito na rasa inda zan sa kaina. Na taka da ƙafa har unguwarmu cikin rana, 'yan kabu-kabu suna yi mini magana ban ma ji su ba.

Ranka shi daɗe, tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba tsoron aiki ba, hannuna ya san hauya tun kafin ya san alƙalami. Ba kuma raina biɗa nake ba, da guminta aka saya mini littafin farko. Abin da na sani shi ne wanda ya tafi ba ya dawowa aji. Na ga waɗanda suka fi ni ƙwaƙwalwa sun ce shekara ɗaya kawai za su yi, yau in mun haɗu lokacin damana sai su kau da zancen makaranta. Ina son lissafi, so na gaske. Shi ne abu ɗaya a duniya da in na tsaya gabansa ba a tambayata ɗan wane ne ni. Kwana biyu suka rage mini da shi, in ba ka duba ni ba.

Saboda haka ga roƙona.

Na farko, don Allah don Annabi, ka ba ni minti goma kafin Alhamis. In kana shakka, gobe Laraba ce, da la'asar muna rumfa kamar kullum. Ka zo ba sanarwa, ka tsaya a baya, ka tambayi wanda ka ga dama abin da ka ga dama. Ka duba rubutun da ke jikin ƙyauren ka gwada shi da na takardun jarrabawata da ke ofishinka. In ka gamsu ka buga mini hatimi. Ba gurbi nake roƙo ba, a bar dosiyena ya shiga layi a auna shi da na kowa.

Na biyu, duk sanarwar da za ta fito a hutun damana, a ƙara mata wa'adi har 'yan ƙauye su dawo, ko a faɗe ta a aji tun kafin a watse.

Na uku, a riƙa gaya wa sababbin ɗalibai tun ranar farko cewa a jami'a abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Mu ba a koya mana haka a gida ba, akasinsa aka koya mana. Da wani ya faɗa mini wannan kalma ɗaya shekara biyu da suka wuce, da ban dame ka yau ba.

Na ƙarshe, kuma wannan ko ka sa mini hannu ko ba ka sa ba. A fito da takardar nan mai layi uku a gyara ta. Jiya na ce wa Rahila ta je ta rubuta sunanta a layin farko, tunda ko birni na tafi ko Abijan, rumfa hannunta za ta koma. Ta sunkuyar da kai ta ce ba za ta iya ba ina raye, ina tsaye a gabanta. Maganata ce ta shekara biyu ta dawo mini. Ba za ta rubuta da kanta ba, na san irinmu. Kai ka kira ta ka rubuta: Rahila, shugaba, Agali, mataimaki. Na riga na miƙa mata ragowar allin.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon yin adalci, shi raya maka zuri'a, shi sa kada ɗanka ya taɓa tsayawa a ƙofar da ba mai buɗe masa. In na yi kaushin harshe a wani wuri ka yafe mini, wanda ruwa ya ci ba ya zaɓen abin kamawa. Jakata tana ɗaure a ɗaki, ban san tashar da za ta nufa ba sai abin da ka ce.

Wannan karon ni ke riƙe da alƙalami, kuma na rubuta sunana da hannuna.

Wassalam.

Ɗalibinka mai biyayya,
Ilya Mamman, ɗan Barmu,
aji uku, Sashen Lissafi, Tawa.