Wata Shidan da Ya Ƙi Ƙarewa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Ya ƙafar taka, da sauƙi? Mu nan Fagge lafiya lau.

Ka tambayi satifiket ɗina na haɗa kwamfutoci. Wata shida aka ce mana, ga shi an shiga shekara ta biyu. Watan jiya na sake faɗuwa jarrabawar. Da na koma Sabon Gari, na tarar da malaminmu, Oga Emeka, yana naɗe wayoyi cikin kwali. Ya ce, "Bashir, Legas zan koma, ka yi haƙuri."

Inna ma ta daina tambayata yaushe zan gama. Wallahi shirun nan nata ya fi faɗuwar ciwo.

Ka sa ni a addu'a. A gaida su Ummi.

Ƙaninka,
Bashir