Littafin Suhaila da Na Ƙone

Harra ta Gabas, Madina.

Zuwa ga maigidana, Baban Suhaila,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya jikin Hajiya, ƙafar ta saki? Yaya mutanen Zariya?

Ka yage wasiƙar da na aiko maka makon jiya ta hannun Usmanu, ka kuma fasa dawowar gaggawa. 'Yarmu ba ta shiga ƙungiyar kowa ba. Alhamdu lillahi, yau na ci abinci har da ƙari.

Ka tuna abin da na gani a littafinta: gobe kada kowa ya fita aiki, a karya katin shaida, a haɗu a ƙarƙashin gada. Da Hausa, da rubutunta! Mu baƙi da muke zaune da takardar iƙama, ka san inda zuciyata ta tafi. Na ga an zo an tafi da ita, mu kuma an sa mu a jirgi. Ko a waya na kasa faɗa maka. A wurin aiki, kantin magani, sau biyu ina miƙa wa mutum abin da bai tambaya ba.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ranar Talata tana jami'a na yage shafi goma sha ɗaya, na ƙone su a kaskon turare.

Da ta dawo ta yi ta kuka, sannan ta jawo ni gaban kwamfuta. Ashe abin da na karanta maganganun wani fim ne na Japan. Wani birni ne na nan gaba, kullum ruwan sama, hukuma na goge tunanin duk wanda ya yi gardama, ma'aikatan jirgin ƙasa kuma suka ƙi yarda. Wata uku tana fassara shi daga Larabci, wai za ta ɗora muryarta ta aika wa kakarta Hajiya, tunda Hajiya ba ta da abin so kamar fim mai fassara. Yarinyar da ake yi wa Hausa ta amsa da Larabci! Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar yawa.

Mun kalle shi tare. Ban gane rabinsa ba, kuma har yanzu ban ga abin da tsohuwa kamar Hajiya za ta yi da fim ɗin mutum-mutumi ba. Amma akwai wata mata a ciki da ta tsinci takardun ɗanta, ta jefa su a wuta don kada a kama shi. Suhaila ba ta kalle ni ba a wurin, Allah ya yi mata albarka.

Yanzu muna sake rubuta shafukan bayan la'asar. Jiya ta miƙo mini biro, wai ni zan fassara maganar matar nan. Ban ko duba Larabcin ba. Na riga na san abin da za ta ce.

Ka gaishe da Hajiya, amma kada ka gaya mata, Suhaila na son ta ba ta mamaki. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Ikilima