Warin Gas a Hayyin Ashir

Zuwa ga Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya Inna, ya Anti Balaraba da yara? Mu nan unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira lafiya lau, sai dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Ranar Alhamis ina tsaka da girki, Abban Hafsa yana jami'a, sai wani wari ya cika gidan. Maigadin benenmu ya hawo yana dukan ƙofofi: "Yalla, maza ku sauka! Kada wanda ya kunna wuta!" Na kashe murhu, na sungumi Hafsa, na sauko ko takalmi babu. Ashe tankin gas ne da ke binne a ƙasa, a ma'ajiyar da ke bayanmu, yake yoyo. Muna tsaye a titi har la'asar. Injiniyan da hukuma ta turo ya ce bututun ya yi tsatsa, na'urar da za ta yi ƙara in gas ya yi yoyo kuma ta daɗe da mutuwa, ba mai dubawa. An rufe wurin, amma har yau ko ashana na ɗauka sai na fara shinshina gidan kafin in ƙyasta.

Yaya, na ji za ka ba mai sayar da gas filin da ke jikin ɗakin Inna ya binne tanki. Don Allah ka dakata. Ka fara ganin izinin hukuma, ka san wanda zai riƙa dubawa. Ni na samu na gudu. Inna kuwa ko tsakar gida za ta fita sai an riƙe ta.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Kawu Isa da mutanen gida duka.

Ƙanwarka,
Hajara