Komar da Ka Aiko wa Kawu

Assalamu alaikum Yaya Habu. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali, yaya Legas da kamun kifin teku? Mu nan Tiga lafiya lau.

Yaya, na yi abin kunya. Ran Asabar muka shiga kwale-kwale da Kawu da ɗansa Sale, taubashina matsoraci. Na girgiza jirgin don in ji ihunsa. Na ji kuwa, amma komar da ka aiko wa Kawu ta zame ta nutse.

Kawu bai zage ni ba, sai ya ce, "Ɗan ƙanwata, ka gama dariyar?" Da muka fito ya ba ni babban kifi in kai wa Inna. Wallahi da mari ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Ka yafe mini, ka roƙa mini shiriya. A gaida yara.

Ƙaninka, Tanko.