Sifana a Ƙarƙashin Dizal

Litinin, 3 ga Maris
Ohlsen, shugaban sashenmu, ya yanke: Frauke ce za ta riƙe ɗakin inji ranar da sabon jirgin yaƙin zai fita gwajin teku. Shekara ashirin da bakwai ina kan injin dizal a tashar jiragen ruwa ta Kiel, a Jamus. Yanzu aikin dizal ɗina ya ba injin lantarkinta wuta kawai, nata ya juya farfela. Na taya ta murna, haƙora a cije.

Laraba, 5 ga Maris
Hafsoshi sun zo. Sun kewaye injinta suna yaba shirunsa. Nawa ko kallo. Kishi nake, to sai me?

Juma'a, 7 ga Maris
An saka na'urar saurare a ruwa, an ji ƙara. Jirgin farautar jiragen ƙarƙashin ruwa kuwa, in ya yi ƙara ya tona kansa. Kowa ya ɗora wa injinta, tunda shi ne baƙo. Ohlsen ya ce in ba ta gano matsalar zuwa Talata ba, ni zan riƙe ɗakin.
Na ci burodi da kifi har biyu.

Litinin, 10 ga Maris
Dizal a kan roba yake zaune don kada girgizarsa ta taɓa jikin jirgi. Na leƙa ƙarƙashinsa, sai ga wata sifanar kwance noti ta maƙale tsakanin gindinsa da ƙarfen jirgi. Tawa ce, da jan fentina. Ta cikinta ƙarar ke bi.
In na zare ta, ƙarar ta tafi, ɗakin ya koma hannun Frauke. Na bar ta a wurin. Da rana Frauke ta kawo min kofi, idonta jawur, wai in taya ta sauraro, ba wanda ya kai ni kunne a tashar nan.

Talata, 11 ga Maris
Na zaro ta, na ajiye a teburin Ohlsen, a gaban Frauke.
"Yaushe ka gan ta, Hinnerk?" in ji Frauke.
Na ce jiya.
Ta juya ta fita. Da ta zage ni da ya fi min.

Alhamis, 20 ga Maris
Sun fita gwajin, Frauke a ɗakin inji, ban da ni. Ruwa kawai na je kallo a bakin tasha. Jirgin ya wuce ta gabana, na kasa kunne iya ƙarfina, ban ji komai ba. Wani mai kamun kifi ya ce wane irin inji ne wannan?
Na ce namu ne.