Fuskar Itacen da Na Kawo daga Bama

Birnin Gwari, watan Rajab, 1947

Zuwa ga Yaya Abarshi a Ikko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, Allah ya ƙara maka lafiya, ya kiyaye ka a aikin bakin teku. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka, mun shuka dawa a gonar Kusasu, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida.

Yaya, wata buƙata ce ta sa na rubuto. Ka san da aka gama yaƙin Bama ba a sallame mu nan da nan ba, sai aka sa mu gadin fursunonin Japan kusa da Rangun. A daji tsoronsu kawai na sani, a can ne na ga aikin hannunsu. Wani ya naɗe takarda ta zama tsuntsu, wani ya haɗa akwati babu ƙusa ko ɗaya, shayi ma sai sun durƙusa sun juya kofin kafin su kurɓa. Wanda na fi sabawa da shi wani masassaƙi ne mai furfura, Tokuji. Da 'yar wuƙa ya sassaƙa fuskar mace, irin wadda masu rawa suke ɗaurawa a ƙasarsu. In ka ɗaga ta murmushi take yi, in ka sunkuyar da ita sai ka rantse kuka take. Da nuni ya fahimtar da ni fuskar 'yarsa ce, tana can tana jiransa. Zazzaɓi ya kwantar da shi kafin jirginsu ya iso. Ranar da zai cika ya ɗora hannuna a kan fuskar, ya nuna gabas, na gyaɗa masa kai. Ban samu na danƙa wa wani ɗan ƙasarsu ba aka kwashe mu, sai ta biyo ni gida.

Matata Maiturare ce ta tsince ta a akwatina. Ta ce idanun suna bin ta duk inda ta juya, ga ta da ciki, sai ta tafi gidansu a Gayam, ta ce ita da ɗakin sai an fitar da abin. Liman ya kira ni cikin mutunci, ya ce gunki ne, in ƙone shi. Na hura wuta, Yaya, amma ina sunkuyar da ita wajen wutar sai na ga tana kuka, na janye ta. Na naɗe ta a bargon soja, na kai ta daji bayan Tsohon Birnin Gwari, na cusa a kogon wata kuka. Maiturare ta dawo.

Amma hankalina bai kwanta ba. Bakoji makiyayi, wanda bai san komai a kai ba, ya ce shanunsa sun ƙi bin ta wajen kukar, kuma da rana tsaka ya hango wata farar mace tsaye a gindinta ta fuskanci gabas. Ni ma in na shiga saran gora nakan ji ƙarar wuƙa tana kankare itace, in na tsaya ta tsaya.

Kai kana cikin jiragen ruwa kullum. Don Allah ka tambaya mini ko akwai wanda yake zuwa Japan, ko matuƙin da za a amince masa. Akwai rubutunsu a bayan fuskar, wataƙila sunan garinsu ne. In an samu, ni da kaina zan kawo ta Kaduna in shigo jirgin ƙasa. Ka hanzarta, damina ce, gara ba za ta bar ta ba.

Ka gai da Yaya Ruƙayyatu da yara. Inna da ƙanwarmu Huraira suna gaishe ka. Maiturare ma tana gaisuwa, ita a saninta na ƙone ta.

Ƙanenka,
Salmanu